Yadda Za Ka Shiga Shugabancin Ɗalibai a Jami'a Ka Fito da Abin da Zai Amfane Ka

Duk shekara in sakamakon admishin ya fito sai ƙannena da yaran unguwa su dame ni da tambaya ɗaya, "Yaya, wai in shiga harkar yuniyon ne ko in kama karatuna kawai?" Amsar ba ta shiga saƙon WhatsApp guda, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, kowa ya tambaya in tura masa in huta. Ni dai na yi sakataren ƙungiyar dipatmen ɗinmu shekara ɗaya, na riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗaliban jiharmu, sannan na tsaya takarar wata babbar kujera na sha ƙasa warwas, to ka ga na ɗanɗana zaƙin na kuma ɗanɗana ɗacin.

Abin da zan fara gaya maka ƙanina, sunan kujera ba ya bin mutum waje. Na san waɗanda suka yi shekara huɗu ana kiransu Kwamared, ana kiransu Sanata, suna yawo da babbar riga da hula zanna a cikin zafin watan Afrilu, yara biyu na riƙe musu fayil, yau in ka tambaye su me suka fito da shi ba komai sai hotuna a Facebook. Abin da ke bin ka har ofis, har kasuwa, har gidan aurenka ma, shi ne aikin da kowa ke gudu: rubuta wasiƙar da za a karanta a amsa, jan taro ya ƙare ba a doke juna ba, riƙe kuɗin mutane ka ba da lissafi har kwabo, roƙon alfarma ba tare da ka zubar da mutuncinka ba, da haɗiye zagi daga mutumin da jiya-jiya ka taimaka masa ya samu gado a hostal. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar samun waɗannan ne.

Zangon farko kar ka tsaya takarar komai. Ka zuba ido kawai. Jami'a cike take da ƙungiyoyi kuma ba duka ne ke da rai ba, wasu suna ne kawai da hatimi a aljihun mutum ɗaya. Akwai babbar ƙungiyar ɗalibai, a wurare da yawa SUG ake ce mata, a ABU Zariya kuma SRC, tana da ɓangaren zartarwa da majalisa mai kakaki da sanatoci, kamar dai ƙaramar gwamnati. Ƙasa da ita akwai ta fakalti da ta dipatmen, akwai ta 'yan jiha da ta 'yan ƙaramar hukuma, akwai MSSN ta ɗalibai Musulmi wadda tun 1954 aka kafa ta a Legas, akwai FCS ta ɗalibai Kirista, akwai ƙungiyoyin sa-kai irin su Man O' War da Red Cross da Rotaract da Enactus, ga 'yan jaridar makaranta da masu muhawara. Ka je taron guda uku ko huɗu ka zauna a baya. Ka lura da ƙarfe nawa aka ce za a fara da ƙarfe nawa aka fara, ka lura ko sakatare ya karanta bayanin zaman baya ko kuwa kowa surutu yake daga ka, ka lura in an tambayi lissafin kuɗi fuskar shugaba tana canjawa ko a'a. Ƙungiyar da ake karanta minits, wato bayanin zaman baya, ake kuma kafe lissafi a allon sanarwa, nan za ka koyi abu. Wadda kullum zancenta "za mu kai wa Honorabul ziyara" ka ja jikinka.

In ka zaɓi ɗaya ko biyu, kar su wuce biyu, sai ka fara da ɗaukar kujeru. Da gaske nake. Ka zo da wuri ranar taro, ka taya jera kujeru, ka riƙe rajistar masu halarta, ka je karɓo lasifika. Cikin wata biyu duk manyan sun san sunanka, kai kuma ka san waye ke aiki waye ke baki. A nan ne kuma za ka nemi kundin tsarin mulkin ƙungiyar ka karanta shi daga bango zuwa bango, tare da ɗan littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku ranar rajista wanda kusan kowa ke jefawa ƙasan akwati. Wallahi mutum goma ba su karanta kwansitushin ɗin nan ba a cikin ɗari biyar, kuma ranar rigima wanda ya san sashe kaza ƙaramin sashe kaza shi ke da majalisa.

Akwai muƙami ɗaya da ake rainawa wanda ni a wurina makaranta ce sukutum, wato kilas ref, wakilin aji. Kai ne tsakanin malamai da ɗalibai, kai za ka nemo aji in an yi karo da wasu, kai za ka tara asamen, kai za a kira ƙarfe shida na safe a ce an ɗage lakca ka sanar da mutum ɗari biyu, kuma kai za a zaga in saƙon bai kai ba. Wanda ya yi wannan shekara ɗaya bai yi faɗa da malami ba bai kuma sayar da 'yan ajinsu ba, to ya iya zama da mutane.

Yanzu maganar jipi, wato matsakaicin makin jarrabawarka, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane ke mutuwa. A ma'aunin maki biyar, matakin digiri mafi girma wato fes kilas daga 4.50 yake, mai bi masa tu-wan daga 3.50, sai tu-tu daga 2.40. Yawancin makarantu suna da ƙaramin makin da dole ka kai kafin a tantance ka takara, ka duba naku, amma kar ka ɗauki wannan layin a matsayin burinka, don layin tantancewa daban layin samun aiki daban. Bankuna da manyan kamfanoni in suna ɗaukar sabbin ma'aikata sau da yawa tu-wan suke rubutawa, tallafin karatu irin Chevening na Ingila ma daidai da tu-wan yake nema. Wato kana iya zama shugaban ɗalibai da kowa ya sani a kyampas, ka fito da sakamakon da kwamfuta za ta watsar da takardarka kafin ɗan Adam ya ga inda ka rubuta shugabancin. Ni shekarar da na yi takarar nan da na faɗi, sati uku ban shiga wani kwas na lissafi ba saboda yawon hostal-hostal, ƙarshe na kwashi kari-oba, wato sai na maimaita kwas ɗin, ga faɗuwa zaɓe ga faɗuwa jarrabawa, ranar da aka kafe sakamako na tsaya gaban allo ina ta bin lambata da yatsa kamar za ta canja. Sai da na yi zango biyu ina biyan bashin. Don haka ka tsara tun farko: shekarar da za ka riƙe muƙami mai nauyi ta zama aji biyu ko aji uku, ba ajin ƙarshe mai furojet ba, in kana likitanci ko injiniya ko lauya ka ƙara yin lissafi sau biyu. Ka sa wa kanka doka, ba taro lokacin lakca, sati uku kafin jarrabawa an rufe ofis. Ka faɗa wa abokan aikinka wannan tun ranar rantsuwa don kar daga baya a ce ka gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace kujera za ka nema? Kowa shugaba yake so, ni kuwa in ƙanina ne na jini zan ce masa ya nemi sakatare ko sakataren kuɗi. Shugaba yana jawabi ana tafi, amma sakatare shi ke rubuta kowace wasiƙa, shi ke tsara ajanda, shi ya san inda kowace takarda take, kuma shi ne ke shiga ofisoshi har masinjoji da sakatarorin manya su san shi. Mai kuɗi kuma yana koyon abin da wasu sai sun kai shekara talatin a aiki suke koya da kuka. Jami'in walwala ma ba laifi in kana da zuciyar kai mara lafiya kilinik ƙarfe biyun dare. In ka yi ɗaya daga cikin waɗannan da kyau, shekara mai zuwa mutane da kansu za su ce ka fito shugaba.

Kamfen kuma kar ka ci bashi a kansa. Fosta kaɗan ta isa, abin da ke kawo ƙuri'a a zaɓen dipatmen ko na 'yan jiha shi ne ƙafa, ka shiga ɗaki-ɗaki bayan isha'i, ka zauna bakin katifa, ka ji abin da ke damun mutane. Za ka ji ƙananan abubuwa ne: fanka ta mutu a ajin da ake lakcar rana, ba a samun tsofaffin takardun jarrabawa, sabbin ɗalibai na shan wahalar rajista ba mai nuna musu hanya, kuɗin sikolashif na jiha ya maƙale ba wanda ya san ina sunaye suka tsaya. Ka ɗauki uku da ka san za ka iya, su kaɗai za ka yi alkawari. Wanda ya ce zai rage kuɗin makaranta daga kujerar sakataren dipatmen ko dai bai san aikin ba ko ya raina muku hankali. Hostal ɗin mata kuma ba shiga za ka yi ba, ka samu 'yar ajinku mai mutunci da ake jin maganarta ta tsaya maka, kuma kar ka manta da 'yan jeka-ka-dawo da ke zaune cikin gari, su ne ake mantawa kuma ƙuri'arsu ɗaya take da ta kowa.

Daren manifesto, lokacin da 'yan takara ke tsayawa gaban ɗalibai su faɗi alkawuransu, shi ne abin da ke hana yaranmu da yawa fitowa, musamman wanda ya taso makarantar gwamnati yana jin Turancinsa bai kai ba. Ni ranar tawa ta farko takardar da ke hannuna rawa take kamar ana kaɗa ta, maƙogwarona ya bushe, wani daga bayan ɗaki ya yi ihu "ba ma ji!" aka kwashe da dariya. Na ɗaga murya na karanta alkawurana uku na sauka, minti biyu ban cika ba. Na ci zaɓen. Dabarar ba wata ba ce, ka rubuta gajere, ka maimaita shi da ƙarfi a ɗaki sau goma, ka sa abokinka mai baƙar magana ya yi ta jifanka da tambayoyi, ka bar manyan kalmomin da kai kanka ba ka san ma'anarsu ba. Kuskuren Turanci ba ya kashe mutum, kuma bayan ka tsaya gaban ɗalibai ɗari uku masu ihu, teburin intabiyu mai mutum huɗu wasa ne.

To ka ci. Satin farko ka nemi wanda ka gada ya ba ka fayil, in akwai. Sau da yawa babu, sai leda ɗaya da hatimi da bashin mai fotokwafi. Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi na minits, ka buɗe imel na ƙungiya da wurin ajiya a Google Drive, duk takardar da ta fita ko ta shigo ka ɗauke ta hoto ka adana. Ka je ka gaida malamin da aka naɗa mai ba ƙungiya shawara, ka tambaye shi yadda ake bi. Ga misalin abin da ba wanda zai koya maka a aji: kuna son ɗakin taro ranar Asabar. Wasiƙar za ta tafi ga Din na harkokin ɗalibai ko wanda ke kula da ɗakin, amma ta hannun mai ba ku shawara da shugaban sashe, kowa ya sa hannu ya buga hatimi, ka ba sashen tsaro kwafi, ka yi kwafi biyu na komai, ɗaya a karɓa ɗaya a buga maka shaidar an karɓa da kwanan wata ka riƙe. Ka kai sati biyu kafin ranar, sannan ka riƙa komawa kana bibiya cikin ladabi, ka san sunan masinjan ofishin ka riƙa gaishe shi, don shi ya san ko takardarka tana kan tebur ko tana ƙarƙashin tulin wasu. Mu mun taɓa raba katin gayyata, baƙo mai jawabi ya taso daga wani gari, muka zo muka tarar wata ƙungiya ta riga mu shiga ɗakin da tasu takardar, mu tamu ba mu da shaidar an karɓa. A gindin bishiyar darbejiya muka yi taron da kujerun haya. Tun daga ranar ko takardar neman hutu zan kai a wurin aiki sai an buga min kwafina.

Taro kuma ka fitar da ajanda kwana ɗaya kafin a zauna, a sa lokacin tashi, kuma kowace magana ta ƙare da suna da rana, wato wa zai yi, yaushe zai kawo. Minits ba labari ba ne, ba sai ka rubuta wane ya ce wane ya mayar masa ba, abin da aka yanke kawai.

Kuɗi. Nan ne ake gane ɗan halak. Kuɗin ƙungiya kar ya kwana a akawun ɗinka ko da na dare ɗaya, ko OPay ne ko banki, don ranar da za a tambaya ba za ka iya raba naka da nasu ba ko da kai waliyyi ne. A buɗe akawun da sunan ƙungiya da masu sa hannu biyu ko uku, in da hali har da malamin da ke ba ku shawara. Duk wanda ya biya kuɗin shekara a yanka masa risit mai lamba. Duk abin da aka saya a karɓo risit, in mai kanofi ko mai ruwan leda ba shi da risit a rubuta a takarda ya sa hannu da lambar wayarsa. Lokacin da nake ma'aji mun yi makon al'ada, an yi hawan doki na wasa da naɗin sarkin ɗalibai da komai, da aka zo lissafi dubu goma sha takwas ta ƙi fitowa. Na san an kashe ta a man janareta da kuɗin mota, amma a tsaye aka riƙa karɓa a hannuna ana cewa "kawo, kawo, anjima ma rubuta." A gaban taron 'yan jiha wani yaro ɗan aji ɗaya ya miƙe ya ce Malam Ma'aji ina sauran, ban da amsa. Daga kuɗin abincina na biya, wata guda ina garau-garau. Ban ji haushin yaron ba daga baya, gaskiyarsa ce. Kowane ƙarshen zango ka buga shiga da fita a takarda ɗaya ka kafe a allo ka tura a guruf tun kafin a tambaya.

Sai 'yan siyasa. Za su zo, ko ku ku je. Wata sana'a ta yaɗu a ƙungiyoyin ɗalibai, a sayi firem a rubuta "gwarzon shekara" a kai wa ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma, ya ba da ambulan, a raba a mota. Ni ina ganin wannan shi ya fi komai lalata yaranmu, don yana koya wa mutum tun yana shekara ashirin cewa shugabanci maula ce da babbar riga. Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ranar da zai buƙaci a fitar masa da sanarwar goyon baya da sunan ɗaliban jiha, ko a kawo masa yara gangami, ba ka da bakin ƙi. Ba na ce kar a nemi taimako ba. A nema da furofozal a rubuce: muna son biya wa ɗalibai marayu ashirin kuɗin rajista, ga sunayensu ga adadin, in ya yarda ya biya kai tsaye ko ta akawun ƙungiya, ku rubuta masa godiya da rahoton abin da aka yi. Wannan rubuta furofozal da rahoto shi ne ainihin aikin da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke biyan mutane albashi a kai.

Maganar zanga-zanga ba zan ce maka kar ka taɓa ba, don tarihin ɗaliban ƙasar nan da ita aka rubuta shi, amma ka san nauyinta. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya haifar da boren da ake kira Ali Must Go, Segun Okeowo na jagorantar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa NUNS, Kanar Ahmadu Ali, wanda boren ya ɗauki sunansa, na riƙe da ma'aikatar ilimi. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati ta haramta NUNS, daga baya a 1980 NANS ta maye gurbinta. A watan Mayun 1986 kuma aka sake zubar da jinin ɗalibai a ABU lokacin Farfesa Ango Abdullahi na shugabancin jami'ar. Waɗanda suka mutu 'ya'yan mutane ne da aka turo karatu. Don haka in ruwa ya ɗauke a hostal kwana biyar yara suna ta zuga ka a fito, ka fara da wasiƙa, ka nemi zama da hukuma, ka tafi da mutum biyu shaida, ka rubuta abin da aka yi alkawari da ranar cikawa, ka dawo ka gaya wa ɗalibai gaskiya. In an fasa gilashi ɗaya, makaranta za a rufe, kowa ya biya tarar ɓarna, kai kuma sunanka ne a gaban kwamitin ladabtarwa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kar ka sa hannu a sanarwar da ba ka karanta ba. Duk wanda kuma ya zo maka da zancen "muna da yaran da za su tsare maka akwatin zaɓe", ka gudu, ƙofar ƙungiyar asiri ke nan.

Wani amfani da ban lura da shi ba sai bayan na fita: yuniyon ne ya fara haɗa ni aiki da wanda ba yarenmu ɗaya ba ba addininmu ɗaya ba. Mataimakiyata a dipatmen Tibi ce daga Binuwai, jami'in yaɗa labaranmu Bayarabe, sai da muka koyi kar a sa taro lokacin sallar Juma'a kar kuma a sa safiyar Lahadi, in za a yi walima a san abin da kowa ke ci. In duk shekarunka a ƙungiyar 'yan garinku ka ƙare, ka cuci kanka, don ranar da bautar ƙasa ta jefa ka Ebonyi ko aiki ya kai ka Fatakwal za ka fara koyon abin da ya kamata ka koya tun aji biyu.

Ƙanwata, ke ma da ke nake. An saba a ware wa mata kujerar mataimakiya ko ta walwala a ce shikenan an yi adalci. In kina da ƙwazon sakatare ko kuɗi ko shugabancin ma, ki nema. Ki sanar da gida tun farko don kar labari ya riga ki isa a karkace, ki nemi a riƙa yin taro da rana a wuri bayyananne, kuma ki shirya jin maganganu, don za a yi su ko kin tsaya ko ba ki tsaya ba. Amirorin MSSN, wato shugabannin ɓangaren mata, da na sani masu shirya taron ɗaruruwan mata da ciyar da su a azumi, aikin da suke yi ya fi na sanatoci goma.

Bayan ƙungiyoyi akwai shirye-shiryen horar da shugabanci na musamman, kuma yaranmu na Arewa ba su cika nema ba, ba don ba su cancanta ba sai don ba su ji ba ko suna tsoron fom. Millennium Fellowship, wanda wani sashe na Majalisar Ɗinkin Duniya ke da hannu a ciki, na masu digirin farko ne, zango ɗaya ake yi kana cikin makarantarku, ku nema a rukuni kowa da ɗan aikin al'umma da zai gudanar. A Enactus kuna kafa ƙaramin aiki mai kawo wa mutane abin yi ku je gasar ƙasa ku kare shi gaban alƙalai. Man O' War, wadda asalinta daga wata cibiya ce da aka buɗe a 1951 a gaɓar teku a Kamaru, tana da sansanin horo a duwatsun Shere da ke Jos, can za ka gane ko kana iya jan mutane alhali kai ma ka gaji. Gaba kuma, a 2014 an fara Mandela Washington Fellowship na 'yan shekara 25 zuwa 35, sati shida a wata jami'ar Amurka, sai ka bincika ko har yanzu ana yin sa. Chevening yana son shekara biyu na gogewar aiki, kuma cikin rubuce-rubucen da zai sa ka yi akwai na shugabanci da na iya hulɗa da mutane. Duk waɗannan tambayarsu ɗaya ce in ka tace ta: wace matsala ka gani, me ka yi da hannunka, me ya canja. Amma ka yi hattara da masu sayar da satifiket, a tara ku a otal awa uku a karɓi dubu goma a ba ka kwalin "jakadan zaman lafiya". Masu tantancewa sun san su sarai.

Shi ya sa nake cewa ka riƙa rubuta abin da ka yi tun yana da zafi. Ka ware shafi a waya, duk aikin da aka gama ka sa kwanan wata, mutum nawa suka amfana, nawa aka kashe, wace matsala aka samu, ya aka warware. A sibi, wato takardar tarihin karatu da aikinka, kar ka rubuta "Sakatare Janar" kawai ka wuce. Ka ce ka shirya wa sabbin ɗalibai kaza bitar rajista, ka tattara tsofaffin takardun jarrabawa na shekara biyar ka sa a intanet, ka riƙe naira kaza aka bincika ba gibi. Adadin ya zama na gaskiya, don mai intabiyu zai iya tsayawa a kan layi ɗaya ya yi ta tono. Ni a intabiyun aikina na farko ba su tambaye ni komai a kan furojet ɗina ba, wata mata a cikinsu ta ce in ba ta labarin lokacin da na yi kuskure a aiki, na ba ta labarin dubu goma sha takwas da garau-garau, suka yi dariya, ta ce to yanzu ya kake yi, na zayyana mata tsarin risit. Kafin ka bar makaranta kuma ka karɓi wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikinka da idonsa, tun yana tuna fuskarka, kar ka bari sai bayan shekara huɗu ka zo kana "Sir ko ka gane ni."

In siyasar gaske kake hange, hanyar a buɗe take fiye da da, tun da dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Mutane irin su Omoyele Sowore da ya shugabanci ɗaliban Jami'ar Legas, da Lateef Adegbite da ya zama shugaban MSSN na farko ya kuma zo ya riƙe sakataren majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci, duk daga makaranta suka fara. Sai dai ka sani 'yan ajinku su ne za su zama ma'aikatan banki da lauyoyi da 'yan jarida da daraktocin gobe, kuma ba sa manta wanda ya cinye kuɗin rigar dipatmen.

Wata ɗaya kafin wa'adinku ya ƙare ka fara haɗa takardar miƙa mulki. A ciki ka sa lissafin kuɗi na ƙarshe da takardar banki, bashin da ake bin ku da wanda kuke bi, jerin kayan ƙungiya har da lasifika da hatimi da wanda ke riƙe da su, lambobin sirrin imel da shafukan ƙungiya, kwafin wasiƙun da ba a amsa ba tukuna da ofishin da kowace ta tsaya, da lambar mai kanofin da ba ya saɓa alkawari. Ku je banki tare da sabbin ku canja masu sa hannu kafin a tafi hutu, don in kuka watse wani ya tafi bautar ƙasa, akawun ɗin zai iya shekara a kulle. Ka yi kwafi uku, ɗaya ga magajinka, ɗaya ga malamin da ke ba ku shawara, ɗaya ka riƙe, kowa ya sa hannu a kan naka.